Dandali a Zamanin Yaƙi: Shin Ya Dace a Yi Wasa Ana Zubar da Jini?

Ko ya dace a yi wasan kwaikwayo alhali ƙasa tana cikin yaƙi, tsohuwar tambaya ce da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kanta. A garin Gaya na jihar Doso ba ta tsaya a cikin littafi ba. Garin yana bakin kogin Kwara, a kusurwar da Nijar da Benin da Najeriya suka haɗa iyaka. Tun 1958 gada ta haɗa shi da Malanbil ta Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi nan kusa ta gabas. Mazauninsa ya sa duk rigimar da ta tashi tsakanin ƙasashen nan sai ta taɓa shi. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, lokacin da mulkin mallakar Faransa a Afirka ta Yamma yake bin gwamnatin Vichy, iyakar da ke tsakaninsa da Najeriya ta Turawan Ingila ta zama iyakar zaman doya da manja. A ƙarshen 1963 rikicin tsibirin Lete ya tsayar da zirga-zirga tsakanin Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, kuma sai a 2005 Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa tsibirin na Nijar ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe gadar, kuma ko da aka ɗage shi a Fabrairun 2024 hukumomin Nijar sun ci gaba da rufe nasu ɓangaren bisa dalilin tsaro, jama'a suka koma ƙetare kogi a kwalekwale. Ga kuma mayaƙa masu iƙirarin jihadi da suka samu mafaka a gandun dajin W, suna kai hari a arewacin Benin da wasu sassan jihar Doso.

Gidan wasa irin na biranen Turai, mai kujeru da labule, ba shi ne gadon wannan yanki ba. Dandali ne fagen wasa, da ƙofar fada, da harabar makaranta, da gidan samari, sai rediyo, yanzu kuma wayar hannu. Amma kwaikwayo kansa daɗaɗɗe ne, kuma tun asali yana tafe kafaɗa da kafaɗa da mulki da soja. A wasan kara na Damagaram samari kan shirya kayan sarauta da na mulki da karan gero, su kwaikwayi sarki da fadawansa da manyan gwamnati, su kuma waɗanda ake kwaikwayo suna zaune suna kallo. A tashe, daga goma ga watan azumi, yara kan manna gemun auduga su zama tsofaffi, ko su zama mai magani, ko miji da mata masu rigima. 'Yan kama kan ɗauki salon wa'azi su cika shi da zancen tuwo da nama. Da yawa daga cikin waɗannan wasanni jiki ne ke magana a cikinsu fiye da baki: tafiya, harara, ɗaga kafaɗa, yadda ake riƙe sanda.

Mafi ban tsoro a cikin irin wannan kwaikwayo na jiki shi ne na 'yan Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka. Sun ɓulla wajen 1925 a ƙasar Kurfai, suka bazu zuwa Arewa ta Dogon Dutsi. Masu hawan waɗannan iskoki kan yi fareti, su yi saluti, su ba da umarni da tsawa kamar hafsoshin Faransa, har akwai iskan da ake kira Kumandan Mugu. Faransawa suka ga abin raini ne da tawaye, suka kama su suka tsare a Yamai. Su 'yan Babule ba su ɗauki abin da suke yi wasa ba, bori ne, kuma hukuncin malaman Musulunci a kan bori sananne ne. Bambancin yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Mai hawan iska cewa yake yi wani ne ya hau shi. Ɗan wasa kuwa ya san shi ne dai, masu kallo ma sun sani.

Wasan kwaikwayo na zamani, wanda a Nijar ake ce wa teyatur, ya yi ƙarfi ne a zamanin soja. Seyni Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974 ana tsakiyar fari da yunwa, ya farfaɗo da samariya, daga tsakiyar shekarun 1970 kuma aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, inda jihohi ke gasar wasa da harsunan gida. Ba a rubuta wasannin baƙi da fari. 'Yan wasa kan yarda da ƙashin labari, kowa ya cika nasa da bakinsa. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram ta Yazi Dogo ta yi suna a wannan fage, har gidaje kan yi tsit idan wasansu ya zo. A Najeriya kuma, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wani tsohon soja, Usman Baba Pategi, ya fito da Samanja Mazan Fama daga Kaduna, ya mai da bariki da Hausarta ta sojoji abin dariya ga mutanen da ba su daɗe da binne 'ya'yansu sojoji ba.

Hujja ta farko da masu hani ke kawowa ba ruwanta da yaƙi, a kan kwaikwayo kansa take. Suna cewa ɗan wasa maƙaryaci ne, don yana kiran kansa da sunan da ba nasa ba, yana kuka ba a yi masa mutuwa ba, yana saki ba da mata ba. Suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito mai yin gargaɗi ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya, da aya ta 6 ta Suratu Luƙman a kan zancen da ke shagaltarwa, da aya ta 11 ta Suratul Hujurati mai hana izgili. Ahmad bin Siddiƙ al-Gumari na Maroko da Bakar Abu Zaid na Saudiyya kowannensu ya rubuta littafi guda a kan haramcinsa. Wannan fahimta tana da mabiya a ƙasar Hausa, kuma tana da ƙarfi. Ita ce ta sa aka janye shirin gina ƙauyen fim a jihar Kano a 2016, bayan malamai sun hau mumbari a kansa.

Masu halattawa, irin su Rashid Rida da Yusuf al-Ƙardawi, da Ibnu Usaimin bisa wasu sharuɗɗa, sun amsa da cewa ƙarya ita ce a sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, a dandali kuwa ba wanda aka ruɗa. Wanda ya ga yaro da gemun auduga bai taɓa zaton tsoho ne ba. Suna kawo zuwan Mala'ika Jibrilu a siffar baƙo yana tambayar abin da ya riga ya sani don sahabbai su koya, da masu husuma biyu da suka shiga wa Annabi Dawuda a Suratu Sad, waɗanda masu tafsiri da yawa suka ce mala'iku ne suka zo da misali don ya gane. A wurinsu wasa buga misali ne da jiki maimakon baki, hukuncinsa kuwa yana bin abin da aka zuba a cikinsa: tsiraici, da cuɗanyar da ta wuce iyaka, da fitowa a matsayin annabawa, da tozarta addini, su ne haram, ko a dandali ko a wajensa. Wannan amsa ta fi ƙarfi a wajen ma'anar ƙarya. Sai dai ba ta kawar da damuwar masu hani game da izgili ba, kuma a lokacin yaƙi wannan damuwa takan ninka.

Hujja ta biyu a kan lokaci take, kuma ta fi shiga zuciya, domin ko wanda bai yi karatu ba yana jin ta. A al'adar Hausawa ba a kiɗa a unguwar da ake zaman makoki, maƙwabci kan ɗage biki ko ya yi shi shiru don kara. To, idan ƙasa duka ta zama gidan makoki fa? Ba Musulmi kaɗai suka yi wannan tunani ba. Bayan an ci birnin Rum a shekara ta 410, malamin Kirista Agustin ya yi takaicin ganin waɗanda suka tsere zuwa Kartaj suna cincirindo a gidajen wasa, garinsu kuwa yana kango. A ranar 2 ga Satumbar 1642, farkon yaƙin basasar Ingila, majalisa ta rufe gidajen wasan Landan da hujjar cewa lokacin musiba na tuba ne da azumi da addu'a, ba su sake buɗewa bisa doka ba sai 1660. A ƙarƙashin wannan hujja akwai aƙida mai nauyi, cewa bala'i kira ne zuwa ga komawa ga Allah, wanda kuwa ya amsa kiran da shewa zuciyarsa ta bushe.

Wannan magana gaskiya ce, amma tarihin Madina ya nuna iyakarta. Shekaru goma da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a can, kusan duka shekarun yaƙi ne. A cikinsu ne Habashawa suka yi wasan masu a masallaci ranar idi, Nana A'isha tana kallo ta bayansa, da Umar ya tashi hana su Annabi ya ce a ƙyale su. A cikinsu ne 'yan mata biyu suka rera waƙoƙin yaƙin Bu'as a ɗakinta, Abubakar ya tsawata, Annabi kuma ya ce a bar su ranar idi ce. A shekara ta 5 bayan hijira, ana haƙa gwalalo cikin sanyi da yunwa, rundunar taron dangi tana tafe, sahabbai suna aiki suna rera baitoci yana amsa musu. Nu'aiman, wanda ya fi kowa barkwanci a cikinsu, mutumin Badar ne. Da Hanzala ya zo yana tsoron ya zama munafuki saboda yakan koma gida ya yi wasa da iyali ya manta da wa'azi, amsar da ya samu ita ce kowane hali da lokacinsa. Shari'a ta sa wa baƙin ciki wa'adi: kwana uku na makoki, wata huɗu da kwana goma na takaba. Yaƙi kuwa ba ya zuwa da wa'adi. Yaron da aka haifa a Difa a 2015, shekarar da Boko Haram ta fara kai hari cikin garin, duk ƙuruciyarsa a cikin yaƙi ya yi ta. A ce kada ya ga wasa sai an gama, an ɗora masa makokin da addini bai ɗora ba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda tasirin daularsa ya kai ƙasar Dandi ta hannun Gwandu, ya auna al'amarin ne da manufa. A Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kiɗe-kiɗe dare da rana cikin aibobin sarakunan da ya yaƙa, amma ya bar buga ganga don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Daga baya, a Najmul Ikhwan, ya sassauta, ya yarda cewa kayan kiɗa mas'ala ce ta saɓani tsakanin malamai. Shi da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u ba su daina waƙa ba a shekarun jihadi, da ita ma suka karantar da waɗanda ba su iya Larabci ba.

Abin da aka gani a biranen da aka yi wa ƙawanya ya ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a Satumbar 1939 gwamnatin Ingila ta rufe gidajen wasa don tsoron bama-bamai, amma cikin makonni kaɗan aka fara buɗe su. A Leningirad, wadda sojojin Jamus suka tsare daga 1941 zuwa 1944 dubban ɗaruruwa suka mutu da yunwa, akwai gidan wasan ban dariya da waƙa da bai daina aiki ba har aka ɗage ƙawanyar. A Sarayebo mutanen gari suka kafa gidan wasa na lokacin yaƙi a 1992, a 1993 kuma aka yi wasan Waiting for Godot da hasken kyandir, 'yan wasa suna fama da yunwa, masu kallo sun ratso titunan da maharba ke dako. Mutanen da suka yi wannan kasada ba mantuwa suka yi da mamatansu ba. Aristotal ya ce kallon masifa a dandali yana tace tsoro da tausayi daga zuciya. Ko ba a bi shi har ƙarshe ba, a bayyane yake cewa mai jin tsoro shi kaɗai a ɗaki daban yake da wanda ya zauna cikin jama'a ya ga an faɗi abin da ke cin ransa.

Inda mas'alar ta fi wuya shi ne abin da wasan ke faɗi, da kuma wanda ake yi wa dariya. Ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba sun sauka ne a kan zancen raha da aka yi a hanyar yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Wasu mutane suka riƙa yi wa makarantan Alƙur'ani daga cikin sahabbai ba'a, suna jifan su da kwaɗayi da ragwanci, da aka tuhume su suka ce hira ce kawai ta rage hanya. Ba a karɓi uzurin ba. A tafiya irin wannan an sha rera waƙa ba a hana ba, amma raha da ta ci mutuncin addini da na abokan tafiya a lokacin da rayukansu ke hannun juna, ita aka hukunta da tsanani.

Wasan Hausa yana da tsofaffin 'yan dariyarsa: Bafillace mai sanda da bai san birni ba, Buzu mai gadi, Bagwari mai karya harshe, baƙauye. A zaman lafiya wannan yana tafiya ne a inuwar wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, kuma ƙa'idarsa ita ce wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. A garin da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, wannan gado ne mai tsada. Amma a yau, da ake yi wa makiyaya kuɗin goro a yankuna da dama na Sahel, ana zargin su da laifin 'yan bindiga, wasan da ya sa wa ɗan ta'adda malfa da karin harshen wata ƙabila ya fita daga barkwanci. Wanda aka tsokana ba ya iya ramawa, yana iya ma rasa ransa a hanyar kasuwa. A nan hujjar cewa kowa ya san wasa ne ta faɗi, domin masu kallo sun san ɗan wasan ba ɗan ta'adda ba ne, amma suna iya tashi da yarda cewa ƙabilar da ya kwaikwaya haka take.

Haka kuma wasa yana iya zama shaidar zur a hannun mai mulki. A ranar 23 ga Yunin 1944 'yan Nazi suka zagaya da wakilan Red Cross sansanin Terezin, suka sa yaran Yahudawa da ke tsare suka yi musu wasan waƙa na Brundibár don a ga kamar suna cikin jin daɗi. Bayan 'yan watanni aka kwashe mafi yawan yaran, da Hans Krása da ya tsara kiɗan, zuwa Auschwitz. Wannan shi ne matuƙar muni, amma ƙananansa suna ko'ina. Kowace gwamnati mai yaƙi tana son dandali ya ce nasara ta kusa, abokin gaba ba mutum ba ne, mai tambaya kuwa maci amana ne. Aflatun ya so a kori masu kwaikwayo daga birninsa don yana ganin suna motsa zuciya su danne hankali, kuma a kan irin wannan wasa tsoronsa yana kan hanya. Wasannin samariya ma ba su kuɓuta daga wannan tuhuma ba, tunda hukuma ce ke shirya gasar, jigoginta kuma su ne nata: haɗin kan ƙasa, aikin gayya, yaƙi da cin hanci. Abin da ya cece su a idon jama'a shi ne gwanayen cikinsu sun san yadda za su saka mugun ma'aikaci da azzalumin mai gari a cikin labarin, kowa ya gane nasa.

Mutanen Atina ta dā sun bar misali na ɗaya gefen. A shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa, watanni kaɗan bayan sojojinsu sun karkashe mazan tsibirin Melos sun bautar da mata da yara, marubucin wasa Yurifidis ya nuna musu wasa a kan matan garin da aka ci da yaƙi, ya sa masu nasara suka zauna suna sauraron kukan waɗanda aka ci. A ƙasar Hausa, shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya taɓa irin wannan wuri da ya kawo labarin samarin da masu tsattsauran ra'ayi suka ja, da halin da iyayensu suka shiga, da wahalar karɓar wanda ya dawo. Malamin da ke wa'azi yana iya faɗin hukuncin tuba, kuma wajibinsa ne. Nuna fuskar uwar da ɗanta ya dawo daga daji, maƙwabta suna rufe ƙofa, aikin ɗan wasa ne.

Saura batun rai, wanda malaman usulu suka sa cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare. Taro a lokacin yaƙi abin hari ne. A Yunin 2014 bam ya tashi a gidan kallon ƙwallo a Damaturu ya kashe mutane, a ranar 16 ga Maris 2022 kuma aka jefa bam a gidan wasan Mariyufol na Yukren, inda ɗaruruwan fararen hula suka fake. Idan hatsarin ya tabbata, ƙa'idar fiƙihu ta gabatar da kawar da ɓarna a kan jawo amfani tana ba hukuma ikon dakatar da wasa, kamar yadda 'yan sandan Kano suka sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari. Irin wannan hani na tsaro ne, yana ɗagawa idan dalilinsa ya gushe. Bikin kamun kifi na Argungu, a jihar Kebbi maƙwabciyar Gaya, ya bi wannan hanya. Ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi, gabar da Dandi da Arewa da Zabarma suka shiga a ɓangaren Kabawa tun tawayen 1849. Rashin tsaro yana cikin abin da ya tsayar da bikin kusan shekara goma, aka dawo da shi a 2020.

Inda taro ya gagara, wasa kan koma rediyo da waya. Rediyo ya daɗe yana ɗaukar wannan nauyi a Nijar, yana shiga rugage da tsibirai da ƙungiyar wasa ba za ta kai ba. Waya ta zo da nata sauyin. A dandali ɗan wasa yana ganin fuskar dattijo da ta wanda aka yi wa rasuwa, idan ya wuce gona da iri a take za a gaya masa. Gajeren bidiyon da aka ɗauka a Gaya kuwa kafin la'asar ya kai Malanbil da Kamba, an yanke farkonsa, wani ya sa masa sabon suna, wataƙila ma a yaɗa shi a matsayin hoton hari na gaske. Sharaɗin da masu halattawa suka gina hukuncinsu a kai, wato mai kallo ya san wasa yake kallo, a dandali ba ya bukatar a faɗe shi, amma a waya dole mai shirya wasan ya bayyana shi a cikin hoton kansa, ta yadda ko an yanke ba zai ɓace ba.